Kayan Aro a Ajin Malama

Mun kai keken ɗinkin tsakiyar baranda ke nan, ni da mai aski, sai ƙafar ƙarfen ta bugi ƙofar Malama, ƙwal! Na rintse ido. Mai aski ya tsaya cak da nauyin a hannunsa, gumi na bin wuyansa.

“Tela, ke ce?” Muryarta ta fito daga ciki. Ciwo ya sirantar da ita, amma amon nan na mai tsawata wa aji bai bar ta ba. “Ina za ku kai keke da tsakar rana haka?”

“Wajen gyara, Yaya,” na ce.

“Keken da ya hana ni barci da safen nan?”

“Yanzu-yanzu ya lalace.”

Ta yi shiru. Na san shirun nan, irin wanda take yi wa yaron da ya makara ya ce agogon gidansu ne ya tsaya. Muka lallaɓa muka sauka bene, mai aski yana gunaguni wai shi gashi ya iya ɗauka, ba ƙarfe ba.

Mun daɗe a benen nan, ni da Malama. Bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon kuma bai iya riƙe sirri ba. In ta yi tari, daga kan kekena nake ce mata sannu. In na zagi mai kaya bayan ta fita, sai Malama ta buga bangon da cokali ta ce, “Na ji ki.” Ta girme ni nesa ba kusa ba, shi ya sa nake ce mata Yaya. Ita kuwa ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai Tela, kamar ni kaɗai ce mai ɗinki a duniya.

A sakandaren da ke ƙarshen layinmu take koyarwa. Ba lissafi ba, ba kimiyya ba. Darasinta shi ne wanda ba a yin jarrabawarsa, wato sana'a da zaman duniya: yadda ake ɗinka maɓalli, yadda ake gyara wayar lantarki ba tare da an aika kai lahira ba, da ire-iren ayyukan da ke duniya waɗanda yaran layinmu ko sunansu ba su taɓa ji ba. Ajinta wani ɗaki ne can bayan makaranta, kusa da famfo. Babu komai a ciki sai teburi mai ɗingishi, da allon da ya yi furfura, da almakashin da ta saya da kanta, sai gizo-gizon da suka fi kowa zuwa da wuri. Keken ɗinki a allo take zana shi, ta ce wa yara su taka da ƙafar zuci.

Shekara da shekaru tana neman wanda zai tallafa wa ajin nan. Da la'asar sai ta fito baranda, tabarau a karan hanci, tana shafa waya tana bin gidauniyoyi da kamfanoni da ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Wasu su ce sai makarantun ƙauye, wasu su ce sai masu ɗakin karatu, wasu su ce an rufe tun jiya. Mafi yawa kuwa ko kanzil.

Nakan ce mata, “Yaya, da miji kike nema haka, da tuni mun sha biki.”

Ta ce, “Miji ai yana amsa waya.”

Sai ciwon ya zo. Ƙanwarta ta taso daga nesa don jinya, likita kuma bai ɓoye mata komai ba: a mai da ita gida, a kula da ita, kada a tayar mata da hankali. A daidai lokacin da Malama ta kasa saukowa daga bene ne wata gidauniya ta amsa. Suka ce za su turo mutum ya ga ajin da idonsa. Kowa ya san wannan ce dama ta ƙarshe, don shugaban makaranta ya riga ya faɗa a gaban kowa cewa in zangon nan ya ƙare babu tallafi, ɗakin zai koma ma'ajiyar karyayyun kujeru, lokacin darasin kuma a ƙara wa lissafi.

Shi shugaban ba mugu ba ne. Mutum ne mai son a ga makarantarsa fes, irin wanda ke tsince takarda a ƙasa yana tafe yana waya. Da aka kira shi aka sa ranar zuwa, sai ya tara mu, masu sana'a na layin da yaranmu ke karatu a can.

“Baƙuwa ce za ta zo daga nesa,” ya ce. “Haka za mu buɗe mata ɗakin nan? Ta ce mutanen nan ba da gaske suke ba? Wa zai zuba dukiyarsa inda ko tsintsiya ba ta bi ba?”

Muka ce gaskiya ne. Wallahi ko mutum ɗaya bai ce a'a ba. Mu ai haka muka tashi: in baƙo zai zo, ka aro kujera a maƙwabta, ka ɓoye yagaggen labule, ka wanke fuska ka fito da murmushi. Kafinta ya kawo zarto da guduma da teburin aikinsa. Mai gyaran waya ya kawo akwatin ƙananan ƙarafunansa. Mai kantin magani ya ba da kwamfuta, mai aski ya ba da kujerarsa mai juyawa da babban madubi, mai fenti ya shafe bango kyauta. Ni kuma na ba da kekena, abin da nake ci da shi. Muka haɗa baki kada a gaya wa Malama ranar, mu dai kawo mata albishir gaba ɗaya.

Da na dawo daga kai keken na shiga wajenta. Ɗakin yana warin man zafi. Labule na shiga da fita da iska, hasken la'asar ya kwanta a kan ƙafafunta. Maganin da ake ba ta yakan sa ta yi yawo tana kwance, idonta biyu amma rabinta na wani wuri.

“Yanzu na fito daga aji,” ta ce min.

“Wane aji, Yaya? Kina nan tun safe.”

“Ajina mana. Amma ya yi tsawo, Tela, ba a ganin ƙarshensa. Tagogi ta ko'ina. Kekuna a jere suna ɗinki, babu ƙara ko kaɗan, yadi yana zubowa ƙasa yana tafiya kamar ruwa. Yaran da na koyar tun farko duk sun dawo. Wannan da furfura, wancan da tumbi, amma kowa cikin kayan makaranta. Ina kiran suna, suna amsawa, kowa ya faɗi aikin da yake yi. Wata ta ce min jirgin sama take tuƙawa. Na ce, ke da ba ki iya ɗaure igiyar takalmi ba?”

Ta yi 'yar dariya, ta bi labulen da kallo har ya koma. Can ta ce, “Mutanen gidauniyar sun kira?”

“Tukuna,” in ji ƙanwarta da sauri, tana hararata kada in yi suɓul da baka.

“Za su kira,” ta ce, ta lumshe ido.

Washegari baƙuwar ta iso da hantsi. Na zaci wata hamshaƙiya zan gani, sai ga yarinya da ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, da 'yar jaka a kafaɗa da takalmi da ya sha hanya. Gajiya ce zalla a idonta. Mu kuma mun jeru a bakin ɗakin cikin kayanmu na fita kunya, a matsayin iyayen yara.

Da aka buɗe ƙofar, ni kaina ban gane ɗakin ba. Bango shuɗi mai haske, madubi ya kamo taga ya mai da ita biyu, kowane lungu da yaro a tsaye kan wani abu. Wata yarinya tana kan kekena, wadda na koya wa takawa jiya-jiya, ta ɗaure fuska kamar a kansa aka haife ta. Baƙuwar ta shiga a hankali. Ta shafa teburin kafinta, ta leƙa kwamfuta, ta zauna a kujerar mai aski ta ɗan juya, har ta yi wa kanta murmushi a madubi.

“Duk Malamar ce ta haɗa wannan?” ta tambaya.

“Da ikon Allah, da taimakon iyaye,” in ji shugaba.

Ƙirjina ya cika fal. Na kalli kafinta, ya kanne min ido. A zuciyata har na fara shirya yadda zan faɗa wa Malama, da inda zan tsaya in ja mata rai kafin in kai ƙarshe.

A bakin mota ne baƙuwar ta juyo ta dube mu duka, fuskarta a sake.

“Gaskiya kun faranta min rai,” ta ce. “A zagayen nan na ga makarantar da yara ke zama a kan bulo. Na ga inda ake koya musu kwamfuta a kan kwali. Da na karanta abin da Malamarku ta rubuto mana sai da na yi ƙwalla, ashe kafin mu iso Allah ya kawo muku wasu. Abin da ke hannunmu ba yawa, dole mu kai shi inda babu komai. Ku dai ku riƙe wannan da kyau. Ku gaishe min da ita, Allah ya ba ta lafiya.”

Na buɗe baki, kafinta ya take min ƙafa. Murmushin shugaba ya bushe a fuskarsa, amma bai faɗi ba.

“Mun gode,” ya ce. “Allah ya kiyaye hanya.”

Har hannu muka ɗaga mata. Sai da motar ta sha kwana na samu bakina.

“Ranka ya daɗe, ka kira ta mana! Ka ce mata aro ne!”

“In ce mata me?” ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Mun shirya mata wasan kwaikwayo? Ta je ta ce makarantar maƙaryata ce, babu mai sake kallonmu har abada?”

“Ni dai ta ji daɗin kujerata,” in ji mai aski. Babu wanda ya yi dariya.

Da aka zo maganar wa zai gaya wa Malama, sai kowa ya juyo yana kallona, tunda ni ce mai bango ɗaya da ita. Ban taɓa jin benen nan ya yi min tsawo kamar ran nan ba.

“Tela,” ta ce tun kafin in zauna, “tun jiya ban ji keke ba. Yanzu kuma shirun ne ya hana ni barci.”

Na zauna a bakin gado na zayyana mata komai, tun daga taron shugaba har ɗaga hannu. Ban rage ba, ban ƙara ba. Ta zuba wa rufi ido. Can na ga jikinta na girgiza, na ce shi ke nan, mun kashe ta. Ashe dariya take yi. Ta yi ta yi har tari ya sarƙe ta, ƙanwarta ta rugo da ruwa tana min kallon da ya fi mari ciwo.

“Har da fenti?” ta ce da ta samu numfashi.

“Har da fenti, Yaya.”

“Wane launi?”

“Shuɗi. Mai haske.”

“Oh ni. Tun yaushe nake roƙon a shafa min ko farar ƙasa ce.” Ta share ido da gefen zani. Sai dariyar ta janye daga fuskarta, ta bar gajiya. “Kin san tsawon lokacin da na ɗauka kafin in koyi cewa ba mu da shi, ba tare da na sunkuyar da kai ba? Su mutanen nan ramin suke zuwa gani, Tela, don su san me za su cike. Ku kuma kun shimfiɗa tabarma a kai.”

Nan na fashe da kuka. Takaici ne ya ishe ni, na mu da kunyarmu, da kwalliyarmu, da son a ce mun iya.

“Za mu kwashe komai, Yaya. Ni da kaina zan kira ta in gaya mata gaskiya.”

“Ki kira ta. Amma kada wanda ya taɓa ko allura tukuna.” Ta juyo ta dube ni sosai. “Ku kai ni in gani.”

“Yaya, likita ya ce...” ƙanwarta ta fara.

“Ke, ni ce babba ko likita?”

Da safe kafinta da mai aski suka sauko da ita a kan kujerar roba. Daga baya mai aski ya gaya min kujerar ta fi ta nauyi. Mai kantin magani ya kai mu a motarsa, yana tafiya kamar ya ɗauko ƙwai.

Yaran suka miƙe da ganinta, wasu suka rufe baki da hannu. Aka zaunar da ita a kujerar mai aski, aka sa mata matashi a baya. Ta ce a juya ta a hankali. Mai aski ya riƙa juyawa, ita kuma tana bin ɗakin da ido, daga bango zuwa zarto, daga zarto zuwa kwamfuta, daga nan zuwa madubi, inda ta tsaya tana kallon wata tsohuwa ramammiya da yara suka kewaye.

“Ke, taka mana mu ji,” ta ce wa yarinyar da ke kan kekena.

Yarinyar ta taka. Ƙara ta cika ɗakin. Kafinta ya ba wani yaro zarto, garin katako ya tashi yana yawo cikin hasken taga, yana sauka a kan gashin yara. Malama ta ɗaga yatsa ta gyara wa wani riƙon guduma daga inda take zaune, ta ce wa wata ta miƙe bayanta. Daga nan ta jingina ta lumshe ido. Na rasa ko tana tare da mu ko ta koma wancan dogon ajin nata. Na daɗe ina kallon ƙirjinta yana hawa da sauka.

“Tagogin sun yi kaɗan,” ta ce ba tare da ta buɗe ido ba. “Amma shi ne.”

Ba ta yarda an ɗaga ta ba sai da aka kaɗa ƙararrawa. A mota ta ce wa shugaba, wanda ya rako mu kansa a ƙasa, “Yanzu a mayar wa kowa kayansa. Mutane na da bakunan ciyarwa.”

Ni na kira baƙuwar, don shugaba ya ce harshensa ba zai iya ba. Ta saurare ni har ƙarshe, ta yi ajiyar zuciya.

“Ayya, Mama. Da kun faɗa min a ranar. An riga an raba na bana. Zan yi magana, amma ban yi alkawari ba. Sai dai baɗi.”

Da na gaya wa Malama, ta maimaita kalmar a hankali. “Baɗi.” Ta gyaɗa kai. “To. Sai wani ya rubuta musu.”

Ba ta ƙara daɗewa a duniya ba. Wata safiya ina kan keke ina haɗa hannun riga, sai na ga inuwa a ƙofata. Ƙanwarta ce a tsaye, riƙe da kofin shayi cike, ko kurɓa ɗaya ba a yi ba. Na ɗage ƙafata daga kan keken.

Mutane sun zo, har matakalar bene ta cika da takalma. Bayan an watse ƙanwarta ta haɗa kaya ta koma, aka rufe ɗakin. Na riƙa ɗinki ina jin kamar na cika ƙara.

Ana gab da hutun ƙarshen zango na tuna na bar gwangwanin zarena a makaranta. Na iske shugaba a hanyar bayan azuzuwa, da sabon kwaɗon ƙofa a hannunsa. An riga an tara karyayyun kujeru a gindin famfo, suna jiran a shigar da su.

“Tela, ba yadda zan yi,” ya ce, bai dube ni ba.

“Ban ce komai ba, ranka ya daɗe.”

Muka iske ƙofar ajin a rufe, wata yarinya tsaye a waje tana goge takalminta da bayan safa. Ba ta gan mu ba. Ta miƙe, ta ƙwanƙwasa.

“Shigo,” in ji wata murya daga ciki, muryar yaro da ke ƙoƙarin yin kauri.

Muka leƙa ta taga. Ɗakin wayam, sai shuɗin bango. Yara na zaune a ƙasa sun jingina da shi. Wani dogon yaro ya hakimce a bayan teburi mai ɗingishi, ya harɗe hannuwa. Yarinyar ta shiga ta gaishe shi, ta faɗi abin da ta iya.

“Ba ki rufe ƙofa ba, kuma ƙasa kike kallo,” in ji yaron. “Koma ki sake.”

Wata da ke zaune gindin taga ta ɗago ta gan mu, ta raɗa mana, “Yau ranar koyon neman aiki ce. Malama ta ce in an kaɗa ƙararrawa mu fara, ko tana nan ko ba ta nan.”

Yarinyar ta fito ta ja ƙofar. Sai a lokacin ta ga shugaba, ta ga abin da ke hannunsa, ta daskare. Ya daɗe yana kallonta.

“Me kike jira?” ya ce. “Ana jiranki a ciki.”

Ya jawo ɗaya daga cikin karyayyun kujerun, ya zauna a gefen da bai karye ba, kwaɗon a buɗe a kan gwiwarsa. Yarinyar ta gyara wuyan rigarta, ta ja numfashi, ta ɗaga kai, ta sake ƙwanƙwasawa.